Lissafin ma'aunan gudun bayanai a hanyoyin sadarwa

Gudun bayanai shi ne yawan bayanan da ke bi ta hanyar sadarwa cikin sakan ɗaya, ko ta wayar tagulla, ko ta fayiba, ko ta iska. Tushen awonsa bit ne, wato sifili ko ɗaya, kalmar da ta fara fitowa a rubutun Claude Shannon na 1948, shi kuma ya ce daga John Tukey ya samo ta. Bit takwas su ne bayit ɗaya. Werner Buchholz na kamfanin IBM ne ya ƙirƙiro wannan suna a 1956.

Ƙaramin b da babban B

Kusan duk ruɗanin da ake yi daga nan yake tasowa. Kamfanonin sadarwa da bit suke faɗin gudun layi, su rubuta Mbps, wato megabit a sakan, da ƙaramin b. Waya da kwamfuta kuwa da bayit suke auna girman fayil, kuma yawancin manhajojin sauke abu MB/s suke nunawa, wato megabayit a sakan, da babban B. Mutum ya sayi rauta, na'urar raba intanet a gida, a Banex da ke Wuse 2 a Abuja, aka haɗa masa layin 20 Mbps, ya koma gida ya ga allo yana nuna 2.5 MB/s, sai ya ɗauka an yi masa rufa-rufa. Alhali layin ya cika awonsa cif: 20 a raba gida 8, ya ba da 2.5. In daga bayit za a koma bit, sai a ninka sau 8.

Tsakanin matakai kuwa dubu-dubu ake hawa. Bit 1,000 a sakan su ne 1 kbps, 1,000 kbps su ne 1 Mbps, 1,000 Mbps kuma 1 Gbps.

Lokacin da fayil zai ci kafin ya sauka ma ta nan ake gano shi. Bidiyo mai nauyin 1.5 GB daidai yake da 1,500 MB, wato megabit 12,000. A layin 20 Mbps zai ɗauki sakan 600, minti goma ke nan. Wannan lissafi ne ke bayyana inda data take shiga: kallon da ke jan 5 Mbps, in aka yi awa ɗaya a kansa, ya cinye megabit 18,000, wato 2.25 GB. Saurin layi ba ya ƙara wa fayil nauyi, amma yana sa manhajar kallo ta zaɓi hoto mafi tsabta, data ta ƙare tun wata bai yi nisa ba.

Dubu ko 1,024

Masu harkar kwamfuta sun daɗe suna kiran bayit 1,024 da sunan kilobayit, saboda lissafin ma'ajiyar kwamfuta ninkin biyu-biyu yake bi. A 1998 hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki na duniya, ta ware wa wannan lissafi sunayensa: kibi, mebi, gibi, ana rubuta su KiB, MiB, GiB. Sunayen ba su kama bakin jama'a ba, kuma Windows har yanzu da 1,024 take lissafi tana rubuta MB. A gudun layi dai babu wannan gardama, dubu ce kawai. Layin 100 Mbps yana ba da 12.5 MB/s, wanda a lissafin 1,024 yake komawa kusan 11.92 MiB/s. Ratar ta kusa kashi 5 cikin ɗari a matakin mega, ta haura kashi 7 a matakin giga.

Ma'aunan injiniyoyi

Tsoffin layukan tarho suna da nasu lambobin, kuma duk daga murya suka samo asali. Ana ɗaukar samfurin murya sau 8,000 a sakan, kowane samfuri bit 8, sai a sami 64 kbps, hanyar kira ɗaya. Irin wannan hanya 32 su ne layin E1 mai 2.048 Mbps, tsarin Turai wanda Najeriya ma take bi. 30 na ɗaukar murya, biyu na daidaita tafiya da sigina. Amurka T1 take amfani da shi, mai hanya 24 da gudun 1.544 Mbps. A fayiba, matakin tushe da ake kira STM-1 yana da 155.52 Mbps.

Akwai kuma baud, mai ɗauke da sunan Bafaranshe Émile Baudot, wanda ake yawan gauraya shi da bit. Baud yawan alamomin da ake aikawa a sakan yake ƙirgawa, alama ɗaya kuma tana iya ɗaukar bit da yawa. Modem, na'urar aika bayanai ta layin tarho, na tsarin V.32 yana tafiya a baud 2,400, kowace alama da bit 4 na bayanai, ya ba da 9,600 bps.

A aikace

Raba takwas iyakar sama kaɗai yake nunawa. Kowane ƙunshin bayanai yana tafe da adireshi da lambobin duba kuskure, su ma suna cin wuri a layin, ga cunkoson yamma a unguwanni irin Kubwa da Nyanya, inda turken sadarwa ɗaya ke ɗauke da jama'a masu yawa. Shi ya sa wasu masu haɗa intanet suke raba goma a ka maimakon takwas, su sami adadin da ya fi kusa da abin da ido zai gani.

Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, mai hedikwata a Maitama ta kasance cikin masu aiwatar da shi, ya sa burin aƙalla 25 Mbps a birane da 10 Mbps a karkara. A harshen allon waya, 3.125 MB/s ke nan da 1.25 MB/s.