Kemiri: bishiyar da ƙwayarta ke ci kamar kyandir

Wace irin bishiya ce?

Asalinta daga kudu maso gabashin Asiya ne, kuma masu tafiyar teku na dā ne suka kai ta tsibiran Fasifik. A Indonesiya ana ce mata kemiri, a Hawai kuma kukui, inda aka ɗauke ta bishiyar jiha a 1959. Danginta ɗaya da zurma da rogo. Tana kai mita 20, ana kuma gane ta daga nesa saboda hasken ganyenta. Kowane ɗa na ɗauke da ƙwallo ɗaya ko biyu masu ɓawo mai taurin gaske.

Da gaske ana kunna ta?

Ƙwarai. Kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙwayar mai ne. A dā, a Hawai akan tsire ƙwayoyin a tsinken ganyen kwakwa, a kunna ta sama. In ta cinye, wutar ta kama ta ƙasa. Kowace ɗaya tana ci na 'yan mintuna, har a dā akan auna lokaci da su. Baƙin hayaƙinta kuma da shi ake haɗa tawadar zanen jiki ta gargajiya a tsibiran Samowa.

Ana cin ta ɗanya?

A'a, kada a kuskura. Ɗanyarta na sa gudawa da amai da murɗawar ciki, sai zafin wuta ya karya dafin. A Indonesiya da Malesiya ana soya ƙwaya uku zuwa biyar a kasko babu mai, da ƙaramar wuta, ana juyawa har ta yi ruwan zuma, sannan a daka ta da albasa da tafarnuwa da barkono a sake soyawa. Aikinta ƙara wa miya kauri da maiƙo. In wuta ta yi yawa, bayanta ya ƙone cikinta na ɗanye, miyar ta yi ɗaci. Masu sayar da ita a intanet a matsayin maganin rage ƙiba suna jefa mutane cikin haɗari: gudawa kawai take sawa, kuma an taɓa samun irin wata shuka mai dafin da ke taɓa zuciya a cikin irin waɗannan kayan.

Yaya ake fasa ɓawon?

Nan wahalar take, domin ƙwayar na manne da ɓawo. Ana shanya ƙwallon kwanaki a rana har ƙwayar ta motse ta saki, wasu su tsoma shi cikin ruwan sanyi don ɓawon ya tsage, sannan a buga. Wanda bai bushe sosai ba, ƙwayarsa farfashewa take yi, darajarta ta faɗi.

Man fa?

Yana bushewa idan ya sha iska, shi ya sa yake shiga fenti da man goge katako. Ana yin sabulu da shi, ana shafa shi a gashi da fata. Wannan halin ne kuma ke sa ƙwayar saurin yin ɗoyi, don haka a rufe ta ruf a ajiye cikin firji.