Me Ke Buɗe Lokacin Kirsimeti a Wurin Kiristoci?

Wace rana ce Kiristoci ke ɗauka a matsayin mafarin lokacin Kirsimeti?

A cocin Katolika da na Angilika da na Lutheran da na Methodist, abin da ke buɗe wannan lokaci shi ne Lahadin farko ta Adbent, wato makonnin jiran zuwan Almasihu. Ana ƙirga Lahadi huɗu baya daga ranar 25 ga Disamba, saboda haka ranar ba ta tsaya wuri ɗaya ba: takan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. A 2024 ta faɗo ranar 1 ga Disamba, a 2025 kuma ranar 30 ga Nuwamba. Wannan Lahadin ce kuma sabuwar shekarar ibada a waɗannan majami'u, domin daga ita ake sake fara jerin karatun Littafi Mai Tsarki na shekara.

To, da an shiga Adbent an shiga biki ke nan?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke rikicewa, har da wasu masu zuwa coci kowane mako. Adbent lokaci ne na shiri da tuba da natsuwa. Limaman Katolika na sanya tufafi masu launin shunayya, irin wanda suke sanyawa a lokacin Lent, wato azumin da ake yi kafin bikin Ista, ana kuma dakatar da waƙar "Ɗaukaka ga Allah" a ranakun Lahadi har sai daren haihuwar. Karatun da ake yi ya fi karkata ga annabi Ishaya da wa'azin Yohanna Mai Baftisma, makon farko ma yakan yi magana ne a kan dawowar Almasihu a ƙarshen zamani. A ƙa'idar cocin Katolika, Kirsimeti kanta tana farawa ne da yammacin 24 ga Disamba, ta wuce ranar 6 ga Janairu da ake tuna ziyarar da masana daga gabas suka kai wa jariri Yesu, ta ƙare da ranar tunawa da baftismar Yesu. Kasuwa dai tata kalandar daban ce, shaguna sukan yi ado tun watan Nuwamba bai yi nisa ba.

Yaushe aka soma wannan al'ada?

Tushenta na Faransa ta dā. Wajen ƙarshen ƙarni na 5, bishop ɗin birnin Tours mai suna Perpetuus ya umarci a riƙa azumi sau uku a mako tun daga 11 ga Nuwamba, ranar tunawa da waliyyi Martin, har zuwa Kirsimeti. Daga baya Roma ta tsayar da makonni huɗu, amma birnin Milan na Italiya ya riƙe makonni shida har yau.

Kyandirori huɗun nan da ake kunnawa a lokacin Adbent fa?

Su sabon abu ne idan aka kwatanta. Wani fasto Bajamushe, Johann Hinrich Wichern, ne ya soma a 1839 a Hamburg, inda ya jera kyandirori a kan ƙafar keken doki domin yaran da yake reno su riƙa ƙirga kwanakin da suka rage. Yanzu ana kunna ɗaya a kowace Lahadi.

Duk Kiristoci ne ke bin wannan tsari?

Ba duka ba. Majami'un Orthodox, irin na ƙasar Girka, suna farawa da azumin kwana 40 daga 15 ga Nuwamba. Kiristoci Kibɗawan Masar suna azumin kwana 43 daga 25 ga Nuwamba, su yi bikinsu ranar 7 ga Janairu, kamar yadda Kiristocin Habasha ke yi. A arewacin Najeriya kuwa, majami'u irin su ECWA da Baftis ba su ɗora ibadarsu kan wannan kalanda sosai ba. A wurinsu alamar shigowar lokacin ita ce ƙungiyar mawaƙa da zumuntar mata sun fara gwajin waƙoƙin Kirsimeti, sannan a tsayar da ranar taron waƙoƙi a cikin Disamba.