W. B. Yeats: Marubucin da ya gina wa Ailan gidan wasan kwaikwayo

Wane ne Yeats?

William Butler Yeats marubucin waƙoƙi ne da wasan kwaikwayo. An haife shi a Dublin a 1865, lokacin ƙasar Ailan na ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Hutun ƙuruciyarsa a Sligo yake yi, garin dangin mahaifiyarsa, inda ya sha tatsuniyoyin aljanu da labaran jaruman dauri, waɗanda suka cika waƙoƙinsa na farko. A 1923 ya zama ɗan Ailan na farko da ya samu kyautar Nobel ta adabi.

Da harshen ƙasarsu ya yi rubutu?

A'a, da Turanci ya yi, don bai ƙware a harshen Gaelic ba. Masu kishin harshen sun sha yi masa gori a kan haka.

To me ya kai marubucin waƙa dandalin wasa?

A zamaninsa yawancin wasannin da ake nunawa a Dublin daga Landan ake kawo su, kuma sau da yawa ɗan Ailan a cikinsu wawa ne ko mashayi. Yeats da Lady Gregory, wata marubuciya 'yar Ailan, suka ce ba za ta saɓu ba. A 1904 suka buɗe gidan wasa na Abbey, wanda har yau yana aiki.

Wasan da ya fi girgiza mutane shi ne Cathleen ni Houlihan na 1902, wanda suka rubuta tare. Wata tsohuwa ta shigo gidan manoma ana shirin bikin ɗansu, tana kukan baƙi sun ƙwace mata gonaki huɗu. Angon ya bar amarya da dukiyar aure ya bi ta. Tsohuwar nan ita ce ƙasar Ailan, gonakin kuma lardunanta huɗu. 'Yan kallo ba su buƙaci fassara ba. Bayan tawayen da 'yan kishin Ailan suka yi wa mulkin Birtaniya a 1916, wanda sojojin Birtaniya suka harbe jagororinsa, abin ya tsaya wa Yeats a rai. Har a wata waƙa ta ƙarshen rayuwarsa yana tambayar kansa ko wasan nan ne ya tura wasu ga mutuwa.

Wace ce Maud Gonne?

Ita ta fito a matsayin tsohuwar. 'Yar gwagwarmaya ce, kuma Yeats ya nemi aurenta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, tana cewa a'a. Ta auri John MacBride, ɗaya daga cikin waɗanda aka harbe a 1916. Yeats bai yi aure ba sai 1917, yana da shekara 52. A ganina, ƙin da ta yi masa ya haifar da wasu daga cikin waƙoƙinsa mafiya daɗi.

Akwai alaƙarsa da Najeriya?

Akwai. Chinua Achebe ya ɗauko sunan littafinsa Things Fall Apart na 1958 daga wani baiti na waƙar Yeats mai suna The Second Coming.

Ina aka binne Yeats?

Ya rasu a kudancin Faransa a Janairun 1939. Yaƙin duniya na biyu ya hana a kai shi gida, sai a 1948 aka mayar da gawarsa Drumcliff, kusa da Sligo.