Ma'anar "kusurwar karkata" a tarakta da motocin aikin gona

Kusurwar karkata ita ce yawan yadda mota ta kauce daga daidaito, ana auna ta da digiri. Tarakta da ke tsaye a shimfiɗaɗɗen fili tana kan sifili. Tana iya kishingiɗa hagu ko dama, ko kuma ta ɗaga gaba ko ta duƙa. Idan tana da bokiti a gaba, kamar feloda ko taraktar da aka ɗora wa hannun loda, to akwai kusurwa ta uku, wato ta bokitin kansa. Na'urar da ke auna waɗannan ana kiranta inkilinomita, mu dai mu ce ma'aunin karkata.

Digiri da kashi cikin ɗari ba abu ɗaya ba ne, kuma nan ne ake yawan yin kuskure. Masu aikin hanya suna lissafin gangare da kashi: ƙasar da ta hau mita 1 a cikin tafiyar mita 10 tana da kashi 10, wanda bai kai digiri 6 ba. Digiri 10 kusan kashi 18 ne, digiri 15 kusan kashi 27, digiri 20 kuwa kashi 36. Kashi 100 digiri 45 ne kacal, ba bango ba ne a tsaye. Saboda haka idan littafin mota ya ce kada a wuce 15, a duba da kyau wane 15 ɗin yake nufi. Wanda ya ɗauki kashi 15 a matsayin digiri 15 ya kusa ninka abin da aka yarda masa.

Wanda ba shi da na'ura zai iya auna gangaren gonarsa da tiyo mai ruwa irin na magina, da igiya, da awo. A kafa turaku biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a ja igiya mai mita 10 a tsakaninsu, a daidaita ta da tiyon, sannan a auna tsayin igiyar daga ƙasa a kowane turke. Bambancin santimita 150 na nufin kashi 15.

To me ke kifar da tarakta? Kowace mota tana da tsakiyar nauyi, wani wuri da za a ce duk nauyinta ya taru a can. Muddin layin da ya sauko tsaye daga wannan wuri yana faɗawa tsakanin tayoyi, motar tana nan daram. Da zarar ya fita wajen taya, sai ƙasa. Mu ɗauki misali da tarakta mai faɗin mita 1.5 tsakanin tayoyin baya, tsakiyar nauyinta na santimita 90 daga ƙasa. A lissafin takarda sai ta kai wajen digiri 40 za ta kife. A cika bokiti da yashi, a ɗaga shi sama har tsakiyar nauyin ta koma santimita 130, lissafin ya sauko zuwa digiri 30. Motar nan ce dai, ƙasar ma ba ta canja ba, amma digiri 10 sun tafi.

Wannan lissafi ma na motar da ke tsaye ne cik, kuma ya yi wa tarakta alfarma. Gatarin gaba na tarakta a kan fin ɗaya yake lilo a tsakiya, don tayoyi su riƙa bin ƙasa. Ke nan kafin gatarin ya kai maƙurarsa, tarakta tana tsaye ne kamar a kan ƙafa uku, kuma duk nauyin da aka kai gaba yana matsawa ne zuwa tsukakken ɓangaren. Keke mai taya uku na ɗaukar kaya, irin wanda ake jigilar buhuna da shi daga gona, matsalarsa ke nan tun asali.

Sai kuma kunya. A gonakin masara na Saminaka ko Giwa fili na iya zama kamar faranti a ido, amma taya ɗaya ta hau kunya ko ta faɗa rami mai zurfin santimita 20, a faɗin mita 1.5, ta ƙara kusan digiri 8 nan take. Direban da yake ratsa gangare mai digiri 12 a gefen duwatsun Kagoro, tayar ƙasa ta zurma cikin hanyar da ruwan damina ya zaizaye, ya tsinci kansa a digiri 20 kafin ya kai ƙafa ga kuloci. Shi ya sa lambar da ma'auni ke nunawa take bayyana inda motar take a yanzu kawai, ba ta san abin da ke ƙarƙashin ciyawa mita biyu a gaba ba. Kifewa ta baya ta fi haka sauri: idan aka ɗaura igiyar ja sama da sandar ja, wato ƙarfen da ke ƙasa a bayan tarakta da ake jan kaya da shi, gaban tarakta na iya kai inda ba ya dawowa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Kusurwar bokiti iri biyu ce, ta naɗewa baya don riƙe kaya, da ta kifewa gaba don zubarwa. A yawancin loda kowacce tana kusa da digiri 40 zuwa 50. Tambayar da ya kamata a yi kullum ita ce: an auna ta ne da me? Wasu loda suna da siririn sandan ƙarfe a jikin silindar bokiti, wanda idan bakinsa ya zo daidai da alama, gindin bokitin ya kwanta daidai da ƙasar da motar ke kai. Sensar lantarki mai auna karkata da aka manna a jikin bokiti kuwa da jan nauyin duniya take aiki, ba ruwanta da motar. Idan feloda tana gangarawa bakin Kogin Kaduna a kan digiri 8, sensar ta nuna sifili, to bakin bokitin ya ɗaga daga ƙasa da digiri 8, zai shafi saman yashi ya wuce. Don share fili ko yanka magudana, awon nauyin duniya ake so. Don ɗiban kaya daga ƙasa, awon jikin mota ake so, wanda ke buƙatar sensa biyu, ɗaya a bokiti ɗaya a jikin motar, a debe ɗaya daga ɗaya.

A lura da lodar da ba ta da ƙarfen da ke daidaita bokiti da kansa. Yayin da hannu ke tashi, bokitin yana ƙara kwantawa baya. Idan direba bai riƙa sassauta shi gaba ba, dutse ko buhu na iya gangarowa ta bayan bokitin ya faɗo kan bonet, ko kan direban.

Ma'aunan iri-iri ne. Mafi arha ƙwallo ne a cikin lanƙwasasshen bututu mai mai, ba ya son batir, ba ya lalacewa da wuri. Na lantarki yana da ɗan ƙanƙanin guntu da ke jin jan nauyin duniya, irin wanda ke juya hoton wayar hannu. Rauninsa shi ne ba ya bambance karkata da birki ko kwana. Motar da ke gudun kilomita 18 a awa ta tsaya cikin daƙiƙa 5, zai nuna kusan digiri 6 na ƙarya. Masu tsada suna haɗawa da jairoskof, na'urar da ke jin juyawa, don gyara wannan. Wayar hannu tana isa a auna mota a tsaye, amma girgizar injin dizal takan sa lambobinta rawa. Wanda za a ɗaura a bokiti a nemi mai alamar IP67, wato wanda ƙura da ruwa ba sa shiga cikinsa, saboda ƙurar hunturu da laka.

Wajen ɗaurawa, a sa shi a kan ƙashin motar, ba kan madigadi ko rufi mai rawa ba. Idan za a yi walda a Panteka, a cire sensar tukuna. Ta bokiti kuwa a ɓoye ta bayan bokitin inda dutse ba ya duka, a bar wa wayar sensar sarari a kowace gaɓa, a gwada ɗagawa da kifewa har maƙura don kada ta tsinke.

Saita sifili yana da dabara. A fara daidaita iskar tayoyi, domin taya ɗaya mai laushi tana karkatar da motar duka. A tsayar da ita, a karanta, a juya ta ta fuskanci inda ta ba baya a kan sawun nan, a sake karantawa. In ta nuna digiri 3 dama da farko, sannan digiri 1 hagu, to ƙasar tana da gangaren digiri 2, ma'aunin kuma yana da kuskuren digiri 1 zuwa dama. Idan fin da bushin na bokiti sun cinye, bakin bokitin zai riƙa wasa ko da silinda ba ta motsa ba, sandan alama ya yi ta nuna daidai alhali yanka yana fitowa kamar matakala. A canja bushin, a sa giris, sannan a sake saitawa.