Ɗaga Hanya da Rukunin Tushe na Da'ira

A fannin topoloji, reshen lissafi da ke nazarin halayen siffofi waɗanda lanƙwasawa ko miƙewa ba ta canza su, rukunin tushe ma'auni ne da ake amfani da shi don gane irin ramukan da ke cikin wani sarari, ta hanyar nazarin madaukai, wato hanyoyin da ke tashi daga wani ɗigo su komo gare shi. Masanin lissafi ɗan Faransa Henri Poincaré ne ya gabatar da shi a 1895 a maƙalarsa mai suna Analysis Situs. Ana ɗaukar madaukai biyu a matsayin abu ɗaya idan za a iya lanƙwasa ɗaya sannu a hankali har ya koma ɗayan, ba tare da an tsinke shi ko an matsar da mafarinsa ba, kuma wannan lanƙwasawa ita ake kira homotofi. Madaukan da aka ɗauka abu ɗaya ta haka su ne memba guda a rukunin, kuma ana haɗa madaukai biyu ta bin ɗaya sannan a bi ɗayan. Da'ira ce sarari mafi sauƙi da rukunin tushensa ya ƙunshi fiye da memba ɗaya, kuma rukunin nata daidai yake da na cikakkun lambobi, Z, a ƙarƙashin tarawa.

Wahalar tabbatar da wannan ita ce, a kan da'irar kanta babu abin da ke nuna sau nawa madauki ya kewaya, domin ko sau ɗaya ya kewaya ko sau goma, wuri ɗaya yake tsayawa. Saboda haka ake komawa ga layin lambobi, R, a naɗe shi a kan da'ira kamar yadda ake naɗe zare a kwarkwaro, da taswirar p(t) = (cos 2πt, sin 2πt), wato ƙa'idar da ke kai kowace lamba t zuwa wani ɗigo a kan da'ira. Ƙarƙashin wannan taswira, lambobi 0, 1, −1, 2 da sauran cikakkun lambobi duka suna sauka a kan ɗigo guda, (1, 0).

Ƙa'idar ɗaga hanya ta ce, idan aka ba da hanya f a kan da'ira, aka kuma zaɓi wata lamba a R da p ke kai ta mafarin f, to akwai hanya ɗaya tak a R da ta tashi daga wannan lamba wadda p ke mayar da ita f. Hujjar ta dogara ne da cewa duk wani ɗan gajeren baka na da'ira yana da kwafe-kwafe a jere a kan R, ba sa taɓa juna, kuma p tana ɗora kowannensu a kan bakan daidai wa daida. Da yake tazarar [0, 1], wadda ke wakiltar lokacin tafiyar f daga farko zuwa ƙarshe, rufaffiya ce mai iyaka, ana iya yanka ta gunduwa-gunduwa, adadi ƙidayayye, ta yadda f za ta kai kowace gunduwa cikin baka ɗaya. Sai a ɗaga gunduwar farko, inda ta tsaya ya zama mafarin ta biyu, a ci gaba da haka har ƙarshe. Babu inda ake da zaɓi a tsakani, kuma a nan ne ƙarfin ƙa'idar yake.

Idan f madauki ne da ya tashi daga (1, 0) aka ɗaga shi daga 0, dole ya tsaya a kan wata cikakkiyar lamba n, wadda ake kira lambar kewaye. Madaukin da ya kewaya sau uku saɓanin hannun agogo sannan ya juyo sau ɗaya yana tsayawa a kan 2. Homotofi ma ana ɗaga ta da irin wannan hujja, kuma tunda cikakkun lambobi a rarrabe suke, ƙarshen hanyar ba zai iya tsallakawa daga wata lamba zuwa wata ba yayin lanƙwasawa. Haka nan madaukai biyu masu lambar kewaye iri ɗaya suna da homotofi a tsakaninsu, domin a kan R ana iya miƙar da kowace hanya. Haɗa madaukai kuwa tara lambobinsu ne.

Daga wannan sakamako ake fitar da ƙa'idar Brouwer a kan faifai, wadda ta ce duk taswira marar yankewa daga rufaffen faifai zuwa kansa tana barin aƙalla ɗigo ɗaya a inda yake. Da shi kuma ake samun ɗaya daga cikin hujjojin babbar ƙa'idar aljabara (wadda ta ce duk polinomiyal da ba tsayayyar lamba ba ce tana da saiwa a cikin lambobin complex), sannan ake gane cewa rukunin tushen torus, sarari mai siffar fatar tiyub ɗin taya wanda ninkin da'ira biyu ne, shi ne Z × Z.