Me ake nufi da gwajin Widal?

Gwajin Widal shi ne gwajin jinin da ake yi wa mai zazzaɓi idan ana zargin taifot, kuma ya samo sunansa ne daga wani likitan Faransa, Fernand Widal, wanda ya fito da shi a shekarar 1896. Gwajin ba ya ganin ƙwayar cutar kanta. Abin da yake aunawa shi ne sinadaran kariya da jiki ke samarwa bayan ya yi arba da ƙwayar Salmonella Typhi mai haddasa taifot, musamman sassanta biyu da ake kira O da H, shi ya sa ake ganin waɗannan haruffa a takardar sakamako, tare da lambobi irin su 1:80 ko 1:160, masu nuna yawan sirkin da aka yi wa ruwan jinin ba tare da alamar ta ɓace ba.

A nan gizo ke saƙar, domin waɗannan sinadarai suna daɗewa a jini bayan mutum ya warke, kuma a wuraren da ruwan sha ba shi da tsabta, lafiyayyu da dama suna ɗauke da su. Rigakafin taifot, da wasu dangin Salmonella, har da zazzaɓin cizon sauro, duk suna iya sa lambar ta hau, alhali mai taifot na gaskiya yana iya fita da sakamako fes a makon farko. Ƙa'idar ita ce a ɗebi jini sau biyu, da tazarar kwana 10 zuwa 14, a ga ko lambar ta ninka huɗu, amma da wuya a sami mai zazzaɓin da zai yi wannan jira.

Arhar gwajin ce ta raya shi. Mintuna kaɗan yake ɗauka, yayin da renon ƙwayar cutar daga jini a ɗakin gwaji har ta yi yawan da za a gane ta, wanda shi ne abin dogaro, yake cin kwanaki da kuɗi da kayan aiki. Da haka "maleriya da taifot" ta zama amsar kusan kowane zazzaɓi a Nijeriya, a rubuta wa mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta na ciprofloxacin ko a ɗora masa allurai, ainihin abin da ke damunsa kuwa ba a bincika ba. Yawan shan irin waɗannan magunguna ba gaira ba dalili yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin su, kuma tun a 2016 wani nau'in taifot ya ɓulla a Hyderabad ta lardin Sindh a Pakistan, wanda ya bijire wa ciprofloxacin da allurar ceftriaxone baki ɗaya.