Raɗa wa jarirai sunayen makamai

Raɗa wa jarirai sunayen makamai ɗabi'a ce ta sa wa yaro sunan bindiga, ko na kamfanin da ke ƙera ta, ko wata kalma mai nuna faɗa da jarumta. An fi ganinta a Amurka, inda ta ja hankalin masu nazarin sunaye. Yawancin masu ɗauke da irin waɗannan sunaye maza ne.

Asali

Abin ba sabo ba ne, salonsa ne kawai ya canza. Tsofaffin ƙabilun Jamus da na arewacin Turai sun saba harhaɗa suna daga kalmomin yaƙi, kuma da yawa daga cikin sunayen da Turawa ke ɗauka a yau daga can suka fito, ko da yake masu su ba safai suke sanin haka ba. Gerald da Roger da Edgar da Gertrude duk suna ƙunshe da tsohuwar kalmar da ke nufin mashi. Hilda da Matilda daga kalmar yaƙi suke. Martin da Marcus kuwa ana danganta su da Mars, gunkin yaƙi na Rumawa. Gunnar, sunan mutanen Sikandinabiya, yana nufin mayaƙi, kuma ya girmi bindiga da ɗaruruwan shekaru.

Larabawa ma sun yi irin haka. Saif da Husam da Muhannad duk sunayen takobi ne, kuma a zamanin jahiliyya akan sa wa yaro Harb, wato yaƙi. An ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ƙi sunan Harb da Murra, kuma akwai ruwayar da ta ce Sayyidina Ali ya so ya raɗa wa ɗansa na fari Harb, sai Annabi ya mai da shi Hasan. Takobin da aka jingina ga Allah ko ga addini kuwa ya samu karɓuwa: laƙabin Khalid bin Walid, Saifullahi, ya zama suna har a ƙasar Hausa, haka ma Saifuddin. Zulfikar, sunan takobin Ali, shi ne sunan tsohon shugaban Pakistan Zulfikar Ali Bhutto.

A Amurka

Bambancin na Amurka shi ne ana ɗauko sunan ne kai tsaye daga jikin bindiga. Remington sunan kamfani ne da Eliphalet Remington ya kafa a jihar New York a 1816. Colt daga Samuel Colt ne, wanda ya samu rajistar ƙirar ƙaramar bindigarsa mai juyawa a 1836, duk da cewa kalmar tana kuma nufin ɗan doki, abin da ke sa ba a iya tantance niyyar iyayen. Wesson rabin sunan kamfanin Smith & Wesson ne, Ruger na kamfanin da aka kafa a 1949, Beretta kuma na wani kamfanin Italiya da ke kai tarihinsa zuwa 1526. Dukkansu sunayen iyali ne tun asali, kuma Amurkawa sun daɗe da mai da sunan iyali sunan yanka, don haka kunne bai ƙi su ba.

Akwai kuma waɗanda ba su da wani rufi: Gunner, wato maharbin bindiga, da Cannon, igwa, da Trigger, kunamar bindiga, da Blade, kaifin wuƙa, da Arrow, kibiya. Ana ganin kamar Gunner ya hau ne a bayan tsohon sunan Gunnar, tunda furucinsu ɗaya ne. Talabijin ma ta taimaka. An fara yawaita sa wa yara Remington ne a lokacin wani wasan kwaikwayo na masu binciken laifi mai suna Remington Steele da aka nuna daga 1982 zuwa 1987, daga baya har 'yan mata suka fara ɗaukarsa, ana taƙaita shi Remi.

Alƙaluman suna fitowa ne daga hukumar fansho da walwalar jama'a ta Amurka, wadda ke da jerin sunayen jarirai tun daga 1880, ba ta kuma wallafa sunan da aka sa wa ƙasa da yara 5 a shekara. Gunner da Colt da Remington sun daɗe a cikin sunaye 1,000 da aka fi sawa. Irin su Pistol da Shooter kuwa 'yan tsiraru ne, surutunsu a jaridu ya fi yawansu nesa ba kusa ba.

Dalilai da suka

Masu nazari kan danganta abin da al'adar farauta a karkara, da 'yancin mallakar bindiga wanda gyara na biyu na tsarin mulkin ƙasar na 1791 ya kare, da kuma sha'awar suna mai jin namiji. Masu suka na ganin rashin dacewarsa a ƙasar da ke fama da harbe-harbe a makarantu. Iyaye da yawa kuwa kan ce daɗin furuci kawai suka bi.

Doka

Jihohin Amurka ba su cika hana suna saboda ma'anarsa ba. A Jamus jami'in rajista na iya ƙin sunan da zai cutar da yaro.